Mudu Bai San Baƙo Ba

Akwai wata hira da waɗansu 'yan Afirka mazauna Ingila sukan yi, waɗanda suka bar gida suka tafi neman ilimi ko aiki. Ba a yinta a ɗakin sujada, ba a kuma yinta sa'ad da ake waya da iyaye. A kan abinci ake yinta, bayan an rufe ƙofa. Wani ya ba da labarin yadda ya ɗora fiya a kan sikelin kanti, ya danna hoton karas, ya biya kuɗin karas. Wata ta ce ita takan ɓare takardar ragi daga jikin naman da ya kusa lalacewa ta manna wa sabo. Wani kuma ya ce an kawo masa cefane har gida, kome cif, amma ya aika wa kantin cewa babu kaza a ciki, aka mayar masa da kuɗi ba musu. Sai a yi dariya, a ce wane ya waye, ya san gari. In wani ya ɓata fuska, sai a jefa masa karin magana: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wato laifin masu kantin ne da suka bar kayansu ba mai tsaro.

Masu yin wannan ba su ne mafi yawa ba. Amma sun sami masu sauraro, a cikin masu dariyar kuwa akwai waɗanda za su tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi su ja waƙa. Saboda haka dole a kira abin da sunansa. Sata ce. Mutumin da ba zai ɗauki ko tumatir ɗaya a faifan maƙwabciyar uwarsa ba, ya haye teku ya zama ɓarawon kanti, yana kuwa ganin kansa mai wayo. Tunani ɗaya ne ya sauya shi: a nan ba wanda ya san gidan ubana. Wannan ita ce ƙaryar da ya kamata a tone, gama ita take sa baƙo ya cuci mai kanti, ita kuma take sa mai kanti ya cuci baƙo.

Kasuwar da aka gina a kan yarda

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin yadda ake cefane a can. A manyan kantuna mai saye yakan zaga da kwando ko ƙaramin amalanke, ya ɗebi abin da yake so. In ya gama, ba lalle ne ya je gaban ma'aikaci ba, gama akwai na'urorin biya da kanka a jere. Kowane ƙunshi yana da zanen baƙaƙen layuka a jikinsa, na'urar ta karanta ta faɗi kuɗinsa. Kayan da ba a ƙunshe ba, irin su albasa da ayaba da dankali, mai sayen ne zai ɗora a kan sikeli ya zaɓi hoton abin da ya ɗora. In ya ce albasa ce, na'urar ta yarda albasa ce. Ma'aikaci ɗaya ne yakan lura da na'urori da yawa a lokaci guda.

A ƙauye abin ya fi haka. Manomi yakan kafa tebur a bakin hanya, ya jera ƙwai ko zuma ko dankali, ya rubuta kuɗin a jikin allo, ya ajiye gwangwani, ya koma gona. Mai wucewa ya ɗauki ƙwai ya jefa kuɗi. Akwai unguwannin da har yau mai madara yakan ajiye kwalabe a bakin ƙofa da asuba, su jira har mutanen gida su tashi. Ana samun irin wannan tebur a Jamus da Suwizalan da Japan.

Masu hirar suna cewa wauta ce. Amma ɗan kasuwa ba ya barin kayansa a sake sai ya yi lissafi, lissafin kuwa shi ne yawancin mutane za su biya ko ba a kallonsu. An kuwa gwada hakan. A shekara ta 2019 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birane 355 na ƙasashe 40. An kai jakunkunan aljihu fiye da 17,000 bankuna da otal-otal da gidajen waya da sauran ofisoshi, kamar an tsince su a titi, da adireshin mai su a ciki. Waɗansu da kuɗi, waɗansu babu. Yawan masu mayarwa ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma a ƙasashe 38 daga cikin 40, har da Gana da Kenya, an fi neman mai jakar in akwai kuɗi a ciki. Masu gwajin suka ce dalili shi ne mutum ba ya son ya dubi kansa ya ga ɓarawo. A kan wannan kunya ta cikin zuciya manomin ya dogara da ya ajiye gwangwaninsa. Wanda ya kwashe ƙwan ya wuce bai fi manomin wayo ba, ya dai rasa abin da yawancin mutane suke da shi.

Ba a haifi Bature da gaskiya ba

Akwai kuma waɗansu baƙi da suke yin kuskure ta ɗaya gefen. In suka ga teburin ƙwai sai su girgiza kai su ce wannan sai Turawa, a jininsu take, baƙar fata ba zai iya ba. Maganar tana kama da tawali'u, amma 'yar'uwar ta farko ce, domin ita ma tana ɗaure gaskiya a wata ƙasa da wani launin fata. Tarihin kasuwar Ingila ya ƙaryata ta.

Tun a shekara ta 1215, cikin babbar yarjejeniyar da manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John ya sa wa hatimi, sai da aka rubuta cewa ma'aunin hatsi ya zama iri ɗaya a duk faɗin ƙasar. Ba a kafa irin wannan doka inda ba a tauye mudu. A 1820 wani masanin haɗa magunguna mai suna Accum, wanda shi ma baƙo ne daga Jamus yake zaune a Landan, ya wallafa littafi ya tona algus ɗin da ake yi wa abinci: ana zuba alif a garin burodi don ya yi fari, ana rina alewa da rini mai dafi. A 1858 a garin Bradford wani mai yin alewa ya aika a sayo masa farin gari mai araha da yakan cuɗa da sukari don ya ƙara auki. Yaron kantin magani ya yi kuskure ya auno guba. Mutane wajen 20 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta ciwo. A 1860 majalisa ta yi dokar hana algus ta farko, da aka ga ba ta da ƙarfi aka yi wata a 1875.

Talakawa ma ba su zauna jiran majalisa ba. A watan Disamba na 1844 mutane 28, yawancinsu masu sana'ar hannu da masaƙa, suka haɗa 'yan kuɗinsu suka buɗe ƙaramin kanti a garin Rochdale. Kayan ba su da yawa: gari, man shanu, sukari, kyandir. Alkawarinsu shi ne abinci marar haɗi da awo cikakke. Daga wannan ɗan ɗaki ne ƙungiyoyin gama kai na masu saye suka ɗauki tsarinsu a ƙasashe da yawa.

Kafin su akwai wata ƙungiyar masu bi da ake kira Kweka, su kuwa suna kiran kansu Abokai, wadda George Fox ya fara a ƙarni na 17. 'Yan kasuwarsu suka ƙi faɗin kuɗi biyu a kan kaya ɗaya, domin sun ɗauki hakan ƙarya ce. Da fari mutane suka guje su, daga baya aka gane ana iya aiken yaro kantinsu ya dawo da awo daidai da canji daidai, sai ciniki ya koma wurinsu. John Cadbury, wanda ya buɗe kantin shayi da kofi a Birmingham a 1824, ɗan wannan ƙungiya ne. Sunan gidansa ne yake jikin gwangwanin Bournvita.

Har yau kuma ciyawa ba ta daina fitowa a wannan gona ba. A farkon 2013 hukumar kula da abinci ta ƙasar Ayalan ta gano naman doki a cikin abincin da aka rubuta naman sa a jikinsa, bincike ya nuna zambar ta ratsa ƙasashen Turai da yawa. Dabarar karas ma ba baƙi suka ƙirƙiro ta ba. Wata masaniyar halayen masu laifi a Landan, Emmeline Taylor, ta ba da labarin wani kanti a Ostareliya da lissafinsa ya nuna ya sayar da karas fiye da wanda ya taɓa sayowa. Shi ya sa har yanzu akwai ma'aikatan hukuma da suke zagawa suna gwada sikelin kantuna da famfunan gidajen mai. Yardar da baƙo ya tarar an yi shekaru ɗaruruwa ana nomanta, an biya ta da gumi, har da rayukan yara. Ya zo ya tarar an dafa. Mafi ƙarancin ladabi shi ne kada ya tofa yawu a tukunyar.

Abin da zango ya sani

Bahaushen da ya ce riƙon amana a baƙon wuri sai Bature, kakanninsa ya zaga. Fataken da suka yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja, suna kai kanwa da tufafi suna komowa da goro daga Salaga, watanni suke yi a ƙasashen da ba nasu ba. Ba su da banki, ba su da kotun da za ta bi musu hakki daga wannan masarauta zuwa waccan. Abin da suka kafa shi ne zango, da maigida, da dillali. Baƙo ya sauka a gidan maigida, ya damƙa masa kayansa da kuɗinsa, maigida ya tsaya masa.

Masana biyu sun rubuta yadda wannan tsari yake aiki a shekarun 1960, Polly Hill a kasuwar shanu ta Kumasi, Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan. Mai shanu yakan taho daga nesa ya sayar wa mahauci bashi, mutumin da bai taɓa gani ba, wani lokaci ko harshensa ba ya ji, a kan maganar maigida kaɗai. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya. In maigida ya ci amana sau ɗaya, labari ya bi hanyar shanu ya koma arewa, baƙi su daina sauka gidansa. Suna shi ne jarin, sunan kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Na zango ne duka.

Mutanen zango sun san wani abu kuma, wato baƙo raɓa ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita daga Gana, dubban ɗaruruwa suka tashi. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida. Matsin tattalin arziki da siyasa ne suka kawo korar, yawancin waɗanda aka kora ba su cuci kowa ba. Amma abin lura shi ne, ranar da gari ya ɓaci ba a tantance baƙi ɗaya ɗaya. A dunƙule ake yi musu hukunci, a tono laifin mutum ɗaya a shafa wa dubu. Wannan rashin adalci ne, amma haka duniya take yi, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Wanda ya saci kaza a kantin Landan ya ci da sunan ma'aikaciyar jinyar da za ta shiga kantin bayansa, wadda ta kwana a tsaye a asibiti, mai gadi ya bi ta da ido.

Hujjojin masu ɗiba

Suna da hujjoji, ya kamata kuma a saurare su.

Ta farko, wai kamfani ne mai dukiya, ba zai ji ba, kuma na'ura ce aka ruɗa, ba mutum ba. Amma kamfani ba ya haɗiye asara. Yakan zuba ta a kan kuɗin kaya, gwauruwar da take ƙirga sulallanta a layi ita za ta biya. Yakan kuma janye yardar. Waɗansu kantuna sun sa ƙofar da ba ta buɗewa sai an nuna rasit, waɗansu suna maƙala wa nama da cuku abin ƙararrawa kamar kayan zinariya. Kowa ya zama abin zargi saboda 'yan kaɗan. Na'ura kuwa ba ta mallaki kome ba. Wanda ya balle kwado ya shiga rumbu ba zai ce kwado ya cuta ba.

Ta biyu, wai dukiyar Afirka ce Turawa suka kwashe a zamanin mulkin mallaka, ana karɓo kaɗan ne. An kwashe, ba shakka. A 1897 sojojin Birtaniya suka wawashe fadar Benin suka tafi da dubban kayan tagulla da na hauren giwa. Amma a dubi yadda ake neman hakki na gaskiya. An yi shekaru ana rubutu da gardama da rana tsaka, da sunaye a rubuce, har a Disambar 2022 Jamus ta kawo waɗansu daga cikin kayan Abuja. Mai ɓoye kaza a ƙarƙashin jaka bai aika wa mutanen Benin ko ƙashi ba. Cikinsa ya cika, ya kuma ari wahalar kakanninsa ya rufe kunyarsa da ita.

Ta uku ita ce mai nauyi: yunwa. A watan Maris na 2023 hauhawar kuɗin abinci a Birtaniya ta haura kashi 19 cikin 100. Ɗalibin da ya zo daga waje ba a yarda ya yi aikin fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, yawancin masu takardar zama ta ɗan lokaci kuma an hana su tallafin gwamnati. Ga kuɗin haya, ga dangi a gida suna tsammani ya shiga aljannar duniya. Wanda bai taɓa kwana da yunwa cikin sanyi ba kada ya yi saurin jifa. Duk da haka a faɗi gaskiya, yawancin labaran da ake yi wa dariya ba na mayunwata ba ne, gama mai jin yunwa ba ya fahariya da abin da ya ɗauka. Ga wanda yunwa ta kama da gaske akwai rumbunan taimakon abinci a garuruwan ƙasar, da yawansu a ɗakunan sujada suke. In kuwa ɗan ikkilisiya ya kai ga sata don bai ci ba, alhali jama'arsa suna tara kuɗin kayan kiɗa da na bikin shekara, to dattawan ikkilisiyar su ma suna da amsar da za su bayar.

Ta huɗu, wai ana zarginmu ko mun yi ko ba mu yi ba, gara mu yi. Zafin zargin gaskiya ne, wanda aka bi shi daga layi zuwa layi don launin fatarsa yana da hakkin ya kai ƙara. Amma ranar da ya ɗauka ya gaskata mai zarginsa, ya kuma ƙwace wa 'yan'uwansa bakin magana. Ya tuna kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kantunan suna da na'urorin ɗaukar hoto. Hukuncin sata yana iya hana mutum sabunta takardar zama ko samun zama ɗan ƙasa, yana iya raba ma'aikacin jinya da aikinsa. Gonar da uba ya sayar ya biya kuɗin jirgi tana iya tafiya a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba.

Ɗaya gefen mudun

Ba a gama maganar ba sai an juya ga mai sayarwa, gama baƙo ya fi zama wanda ake cuta a kan mai cuta. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin baƙin ciki kuwa, sau da yawa ɗan'uwansa ne yake cin makantar tasa.

A unguwanni irin su Peckham a Landan akwai kantunan kayan abincin Afirka. Nan mai kewar gida yake zuwa neman manja da garin rogo da busasshen kifi da daddawa. Yawancin masu kantunan mutanen kirki ne, kantunansu sun zama dandalin gaisuwa da neman aiki. Amma mai saye a nan ya ajiye makamansa. Ya ji harshen gida, ba zai duba ranar lalacewa ba, ba zai nemi a sake awo ba, kunya ba za ta bar shi ya kai ƙarar ɗan'uwa ga hukuma ba. Mai kantin da ya juye tsohon kaya cikin sabuwar leda marar rubutu, ko ya goge kwanan wata, da wannan kunyar yake ciniki.

Algus ɗin da ake yi a gida ma yana bin kaya ya haye teku. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta sami rinin Sudan IV, wanda aka hana sawa a abinci saboda haɗarin ciwon daji, a cikin mafi yawan manjan da ta gwada daga kasuwannin Akra. Ana zuba shi ne don man ya yi ja. A wannan shekara kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Manoma da 'yan kasuwa masu gaskiya suka rasa kasuwa tare da masu laifin.

Ba sai an je Turai ba. A Nijar ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, dala ashirin ita ce 100. Baƙon da bai iya wannan lissafi ba yakan buɗe tafin hannunsa da kuɗi ya ce wa mai kaya ya ɗauki nasa. A Gana an sauya kuɗi a 2007, tsohon sidi 10,000 ya zama sabo ɗaya, aka kuwa yi shekaru 'yan kasuwa suna faɗin kuɗin kaya da tsohon lissafi. A irin wannan lokaci, da tafin hannun baƙo a buɗe, ake sanin ko wane ne mai kaya. Haka kuma da mudu da tiya da olonka, gwangwanin awo na kasuwannin Gana. Kowa ya san akwai wanda aka bubbuga wa gindi ya shige ciki, akwai mai ajiye babba don saye da ƙarami don sayarwa. Ciniki ba laifi ba ne, mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a daidaita. Amma bayan an ce an sallama, mudun da za a ɗauko dole ya zama wanda ake auna wa ɗan gari.

Akwai kuma littafin bashi. Mai kanti ya ga ɗan ikkilisiyarsu a cikin matsi ya rubuta masa shinkafa da mai har ƙarshen wata. Wata ya ƙare, mutumin ya sauya hanya, daga baya aka ji ya koma wani gari. Baƙon da zai zo bayansa da yunwa ta gaske zai tarar an rufe littafin.

Littafi Mai Tsarki bai raba waɗannan al'amura biyu ba. A cikin Littafin Firistoci sura 19, ayoyi 33 da 34 suna magana a kan yadda za a riƙe baƙo, ayoyi 35 da 36 da suke biye nan take suna magana a kan ma'auni da mudu na gaskiya. Mai bayar da dokar ya san a wurin awo ne aka fi cin baƙo. Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce don su koma rage mudu. Maƙwabta Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani da take gargaɗin masu tauye awo. Ba wanda zai ce ba a faɗa masa ba.

Abin da ya kamata a yi

Wanda aka ba shi canji fiye da nasa ya mayar nan take. Wanda ya isa gida ya ga akwai abin da na'ura ba ta ƙirga ba, ya koma ya biya, ko da ma'aikacin zai dube shi da mamaki. Wanda ya riga ya ɗiba ya lissafa abin da ya ɗauka ya nemi hanyar mayarwa, kamar yadda Zakka ya yi, gama tuban da ba ya taɓa aljihu bai yi nisa ba. Iyaye su tuna yaron da yake riƙe da amalanke yana ganin hoton da aka danna, zai kuwa koyi wannan kafin ya haddace ayar Lahadi. Wanda aka yi irin wannan hira a gabansa kada ya yi dariya. Shirun mutum ɗaya yakan kashe hirar.

Mai kanti ya rubuta kuɗin kaya a fili, ya juya fuskar sikeli wajen mai saye, ya zubar da abin da ya lalace ko da asara ce. Mai saye kuma kada kunya ta hana shi faɗa wa ɗan'uwa gaskiya, in ya ƙi ji a kai maganar gaban dattawa. Masu wa'azi da suke da dogon jawabi a kan zakar kashi ɗaya cikin goma, su sami lokaci su yi magana a kan yadda aka samo sauran taran. Ikkilisiyoyin baƙi kuma su ajiye buhun shinkafa da asusun gaggawa, su sanar a fili, domin kada wani ya tsaya a gaban na'ura yana zaɓe tsakanin yunwa da sata.

Sa'ad da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, ƙasar waɗanda suka ci su da yaƙi suka washe su, suna da hujjar ramuwa fiye da kowane baƙo na yau. Duk da haka wasiƙar da Annabi Irmiya ya aika musu ta umarce su su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Mai bi da yake zaune a Landan, ko Kumasi, ko Yamai, yana ƙarƙashin wannan umarni, wurin cika shi kuwa ya haɗa da gaban sikeli. Ubangiji ya ba 'ya'yansa da suke warwatse a cikin al'ummai hannu mai tsabta, a saye da sayarwa.